Turmin Da Ke Shiga Cikin Sakamako: Kurakuran Niƙa Samfur A Ɗakin Gwaji

Duk wanda ya yi aikin gwada ƙasa ko dutse a Zamfara ya san nauyin da ke kan alƙaluman da yake fitarwa, musamman tun bayan gubar dalmar da aka gano a ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum a 2010, wadda ta kashe yara sama da 400. Gubar ta bazu ne ta hanyar ƙurar duwatsun zinari da ake daka da niƙawa a cikin gidaje. A ɗakin gwaji ma niƙan ne ke fara ɓata aiki, domin babu turmin da ba ya zagwanyewa, kuma abin da ya zagwanye daga jikinsa cikin samfurin yake komawa.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne a ɗauki mazubin injin niƙa da ke kusa da hannu ba tare da an tambayi wane sinadari za a auna ba. Mazubin baƙin ƙarfe yana da araha da ƙarƙo, amma yana zubar da sinadarin ƙarfe, wani nau'insa kuma har da kuromiyam da nikel. Ɗalibin da ya kawo shinkafa daga fadamar Argungu don ya auna ƙarfen da ke cikin ƙwayarta, sannan ya niƙa ta a irin wannan mazubi, injinsa ya auna, ba shinkafar ba. Na taɓa ganin irin wannan sakamako, mai shi yana murna cewa ya gano shinkafa mai gina jini, alhali da an goga farin ƙyalle a cikin mazubin da an ga toka-tokan da ya bari. Gyaran shi ne a koma turmin agat (wani dutse mai tauri) ko na zakoniya (wani irin tangaran mai tauri), tare da tuna cewa agat sinadarin silika yake bari, zakoniya kuma sinadarin zakoniyam da ɗan hafniyam.

Sai dai agat ɗin ma ana zaluntar sa. Taurinsa wajen 7 ne a ma'aunin Mos na taurin duwatsu, kusan daidai da farin dutsen kwaz da ake samun zinari a jikinsa, ga shi kuma ba ya jure bugu. Wanda ya jefa masa gutsure mai girman goro ya shiga kirɓawa kamar sakwara zai fasa turmi mai tsada a banza. Da agat murzawa ake yi, kuma sai an riga an farfasa dutsen ya zama tsaki.

Wasu kuma suna ɗauka cewa mazubin tangstin kabayid (wani haɗi mai tsananin tauri), saboda nauyinsa da taurinsa, ya raba gardama. Gaskiya ne yana mayar da dutse gari cikin ɗan lokaci, amma da kobal ake haɗa shi, don haka duk samfurin da ya bi ta cikinsa ya tashi daga aikin auna tangstin da kobal. Haka nan kada a haɗa ƙwallayen niƙa (waɗanda ake zubawa cikin mazubi su murƙushe samfur) na ƙarfe da mazubin agat ko na zakoniya don kawai su ne suka rage a durowa. Mazubi da ƙwallayensa jinsi ɗaya ya kamata su zama, in ba haka ba ɗaya zai cinye ɗaya.

Zinari yana da tasa matsalar, kuma ita ce ta fi shafar mu a nan. Ba ya farfashewa kamar dutse, lanƙwamewa yake yi ya shafe jikin mazubi, ta yadda samfurin farko zai yi asarar wani ɓangare, na biyu kuma ya gaji arzikin da ba nasa ba. Wanka da ruwa da sabulu ba ya cire shi. Abin da ake yi shi ne a niƙa yashin kwaz mai tsabta tsakanin samfur da samfur, a zubar, lokaci-lokaci kuma a auna yashin kansa don a ga ko ya kwaso wani abu. Dalma ma haka take bin sahu, shi ya sa ya fi kyau a fara da ƙasar da ake zaton ba ta da guba sosai, a ƙare da ta bakin ramin haƙa, ko kuma a ware wa kowacce mazubinta.

Akwai rariya, wadda aka fi mantawa da ita. Ta tagulla tana bayar da jan ƙarfe da tutiya, tsofaffi daga cikinta kuma an like su da dalma, don haka ga gwajin guba rariyar nailan ake so. Idan kuma zaiba za a auna a ƙasar wurin wankin zinari, a taƙaita lokacin niƙa, a riƙa tsayar da inji yana hucewa, domin zafi yana sa ta tashi ta bi iska.