Wutar ABS da VSC ta kama a motarka? Ga yadda za ka gano sensar da ta lalace

Da zarar wutar ABS ta kama a dashbod, sau da yawa sai ka ga ta jawo ta VSC da TRAC OFF (alamar tsarin hana taya sulɓi ya tsaya) sun kama tare, mutum ya rikice ya ɗauka burki ya tafi. A'a, burkinka na nan yana ci, abin da ya tsaya shi ne tsarin da ke hana taya kullewa in ka taka burki da ƙarfi, wato ABS, da kuma wanda ke riƙe mota kar ta zame a kwana. Wannan na biyun Toyota na kiransa VSC, Honda VSA, Mercedes da Volkswagen kuma ESP, duk aiki ɗaya suke. Amma fa in jar wutar BRAKE ta kama tare da su, toh faka motar ka duba man burki tukuna, wannan ba na wasa ba ne.

Kafin ka taɓa sensa ko ɗaya, wato 'yar na'urar da ke auna gudun kowace taya, auna batir. Mota a kashe ya ba ka wajen volt 12.6, a kunne kuma tsakanin 13.5 zuwa 14.5. Batir mai rauni kaɗai ya isa ya tayar da waɗannan wutar. Ka duba fiyus ɗin ABS, ka sa wani ya tsaya a baya ka taka burki ya ga ko jan fitilun na kamawa, domin ɗan makunnin da ke saman fedar burki shi ma kwamfutar motar na saurarensa. Sannan a Toyota akwai wani abu da ke ruɗar mutane, in wutar injin ta kama sai motar ta kashe VSC da kanta ta ajiye lambar C1201, matsalar tana can wajen injin, kai kuma kana nan kana kwance tayoyi.

Daga nan sai kwamfutar duba mota, wato sikana. Soket ɗin da ake jona ta, OBD2, yana ƙarƙashin sitiyari, mai ramuka 16. Irin ƙaramar sikanar nan mai araha galibi injin kawai take karantawa, za ta ce maka babu komai alhali ko shiga ABS ɗin ba ta yi ba, don haka ka tabbatar ta mai gyaran tana buɗe shi. A Corolla da Camry da yawa C0200 na nufin tayar gaba ta dama, C0205 gaba hagu, C0210 baya dama, C0215 baya hagu.

Toh a nan ake asarar kuɗi. Lambar ta nuna maka ɓangaren da matsalar take ne kawai, ba ta ce sensar ta mutu ba. Ka bar kwamfutar a jone, a ja motar a hankali kamar gudun kilomita 20 zuwa 30 a awa a miƙaƙƙiyar hanya, ka zuba ido kan gudun tayoyin huɗu, ya kamata su tafi kusan daidai. Wadda ta tsaya a sifili ko take faɗuwa tana dawowa, ita za ka ɗaga da jak ka cire.

Bi wayar da hannunka tun daga sensar har inda ta shige jikin mota, kana lanƙwasa ta a hankali, musamman ta gaba wajen da take motsi duk sanda aka juya sitiyari, a nan take karyewa ta ciki robar kuma lafiya lau a ido. Buɗe soket ka ga ko ya yi kore ko laka ta shiga, bayan damina ana yawan samun haka. Ka zaro sensar, kanta na iya cika da ɓurɓushin ƙarfe, goge shi da tsumma, ka haska toci cikin ramin kana juya tayar ka duba zoben mai haƙora ko wani haƙori ya karye. Tsofaffin sensa masu nannaɗaɗɗiyar waya a ciki ana auna su da mitar masu gyaran wuta, yawanci wajen om 1,000 zuwa 2,000, ka kwatanta da ta ɗaya gefen. Sababbin kuwa wuta ake ba su kafin su yi aiki, awon om ba zai gaya maka gaskiya ba.

Tambayi kanka kuma, me aka taɓa kwanan nan? In an canja boris sai wutar ta kama, mai yiwuwa an sa shi a juye ne, don a motoci da yawa zoben maganaɗisun yana jikin gefe ɗaya na boris ɗin kuma dole wannan gefen ya kalli sensa. In alaimen aka yi ko aka kwance sitiyari, sensar sitiyari da ta juyin mota suna buƙatar a sake saita musu sifili da kwamfuta, mota a tsaye a shimfiɗaɗɗen wuri, a Toyota C1210 ko C1336 ke nuna ba a yi ba. Taya ɗaya da girmanta ya saɓa da sauran ma tana jawo hakan.

Masu sayen 'yar Kwatano, ku murɗa makulli ba tare da tayar da injin ba, wutar ABS dole ta kama na 'yan daƙiƙu sannan ta mutu. In ba ta kama ba sam, a buɗe dashbod a duba, wasu cire ƙwan suke yi ko su liƙe shi da baƙin salatif.