Yadda Ake Sarrafa Tagwayen Kalmomin Turanci Irin Su "Ups and Downs"

A Turancin yau da kullum akwai wasu maganganu da ake ginawa da kalmomi biyu a haɗa su da "and" ko "or", kamar "ups and downs" da "ins and outs" da "sooner or later", kuma mai koyo yakan san ma'anar kowace kalma a cikinsu amma ya kasa gane abin da suke nufi idan sun haɗu. Suna yawan fitowa a jarrabawar WAEC da NECO da JAMB, a sashen da ake tambayar ma'anar salon magana, haka kuma suna cike da jaridu da hirar rediyo. Hanyar da ta fi dacewa a bi da su ita ce a ɗauki kowace ɗaya a matsayin kalma guda, a haddace ta da jerinta da harafin jam'inta, domin ba a warware ta a sake ɗinkawa yadda aka ga dama.

Matakin farko shi ne a duba ko akwai harafin "s" a ƙarshen kalmomin, saboda wannan ɗan harafi shi ne yake nuna aikin da maganar take yi a cikin jimla. Kalmomin "up" da "down" da "in" da "out" da "on" da "off" ƙananan bayanau ne da suka saba bin aikatau, suna nuna inda aiki ya dosa. Idan aka haɗa biyu daga cikinsu ba tare da "s" ba, suna nan a matsayinsu na bayanau. Jimlar "He walked up and down the corridor" tana nufin mutumin ya yi ta kai da kawo a baranda, ita kuwa "She has been in and out of hospital" tana nufin an yi ta kwantar da matar a asibiti ana sallamar ta. Da zarar an liƙa musu "s" sai su rikiɗe su zama sunaye, ma'anarsu kuma ta tashi daga motsin jiki ta koma wani abu daban. "Every business has its ups and downs" na nufin kowace sana'a tana da faɗi-tashinta, wata rana riba wata rana asara. Alama ta biyu da za ta tabbatar wa mai karatu cewa suna ne a gabansa ita ce zuwan "the" ko "its" ko "their" kafin maganar, sannan sau da yawa "of" yana biye da ita.

A nan ne Bahaushe ya kamata ya yi hattara da "ins and outs". Kunnensa zai kai shi ga shige da fice, alhali maganar ba ta da alaƙa da shiga ko fita. Wanda aka ce "he knows the ins and outs of the trade", ana nufin ya san sana'ar ciki da bai, har da ƙananan sirrinta da baƙo ba zai gani ba.

Turanci bai tsaya kan bayanau ba wajen yin wannan dabara, domin kusan kowace irin kalma yana iya sa mata "s" ya mayar da ita suna. Mahaɗai su kansu ba su tsira ba: "if" da "but" sun zama "ifs and buts", wato 'yan uzurori da kwana-kwana, kuma uba zai iya ce wa ɗansa "no ifs or buts" idan ba ya son jin wani amma. A Amurka sukan ƙara na uku su ce "no ifs, ands, or buts". Kalmomin tambaya sun ba da "the whys and wherefores", ma'ana dalilan abu da musabbabinsa. Aikatau ya ba da "the haves and the have-nots", masu hali da marasa hali, da kuma "dos and don'ts", abubuwan da aka yarda a yi da waɗanda aka hana. Ita kuwa "pros and cons" daga Latin ta samo asali, inda "pro" ke nufin goyon baya, "contra" kuma ke nufin adawa, aka gutsure ta biyun aka sa wa kowace jam'i. Game da rubuta "dos and don'ts" akwai saɓani tsakanin masu tsara ƙa'idojin rubutu, domin salon Oxford da na Chicago suna rubuta "dos" haka nan, shi kuwa salon kamfanin dillancin labarai na AP yana sa alamar waƙafi ta sama ya rubuta "do's". Duk wanda marubuci ya zaɓa daidai ne, muddin bai cakuɗa su a rubutu ɗaya ba.

Mataki na biyu shi ne kada a juya jerin. Masanin harshe Yakov Malkiel ya yi nazari a kan irin waɗannan tagwaye a 1959, ya kuma kira su tagwayen da ba sa juyuwa, domin Bature ba zai ce "downs and ups" ko "cons and pros" ko "ends and odds" ba, ko da yake nahawu bai hana ba. Bahaushe ya san wannan a harshensa, tun da ba ya cewa "sha da ci" ko "fice da shige". Akwai abubuwa biyu da za su taimaka wa wanda ya manta jerin. Na farko shi ne tsawon kalma: gajeriya takan riga doguwa, kamar a "bits and pieces" da "whys and wherefores" da "trials and tribulations". Na biyu shi ne ma'ana, kuma William Cooper da John Ross sun yi bayaninsa a 1975, inda suka nuna cewa abin da ya fi kusa da mai magana ko ya fi masa daɗi shi yakan zo farko, shi ya sa ake cewa "here and there" da "now and then" da "ups and downs". Waɗannan jagora ne kawai, ba doka ba ce, kuma akwai 'yan kaɗan da suke karɓar juyi, kamar "on and off" da "off and on", ko "day and night" da "night and day".

Mataki na uku, wanda a ganina ya fi kayar da ɗalibai, shi ne sanin inda "s" yake sauka idan suna ɗaya ne aka gina da ɗan bayanau a jikinsa. Idan kalmar ta samo asali daga aikatau da ɗan bayanau, kuma babu wani suna a cikinta tun farko, to jam'in yana zuwa can ƙarshe: "check-ups", "break-ins", "take-offs", "grown-ups". Amma idan ɓangaren farko suna ne na mai aikata abu, wanda galibi yake ƙarewa da "er", to shi ne zai ɗauki jam'in, ɗan bayanau ɗin kuma ya zauna yadda yake. Saboda haka masu wucewa a hanya "passers-by" ne, waɗanda suka zo na biyu a gasa "runners-up" ne, 'yan koren da ke liƙe wa mai kuɗi kuma "hangers-on" ne. Tambayar da mutum zai yi wa kansa ita ce: shin a cikin kalmar nan akwai wani ɓangare da ake iya ƙirgawa shi kaɗai? Ana iya ƙirga "runner", ba a iya ƙirga "grown". Wannan ƙa'ida ce ta sa ake rubuta "mothers-in-law" da "commanders-in-chief". Karan ɗori kuwa ba shi da tabbas, domin Amurkawa sukan haɗe kalmar su rubuta "checkups" da "passersby", 'yan Ingila kuma sun fi barin karan a wurinsa.

Sai batun aikatau da zai biyo baya. Tagwayen da ke ɗauke da jam'i suna tafiya da aikatau na jam'i, don haka ake cewa "The pros and cons are clear". Amma idan abubuwan biyu sun narke sun zama abu guda, kamar abincin nan na Ingila na soyayyen kifi da dankali, sai a ce "Fish and chips is popular", duk da "s" ɗin da ke jikin "chips". Haka kuma ba a cire wa irin su "odds and ends" jam'insu don a yi maganar abu ɗaya. Wanda yake son tilo sai ya nemi wata kalma.

Akwai wani gini mai kama da wannan da ake maimaita suna ɗaya sau biyu. "We waited for hours and hours" ƙarfafawa ce kawai, kamar a ce sa'o'i da yawan gaske. Amma "There are teachers and teachers" abin da take faɗi shi ne malami suna ya tara, akwai na ƙwarai akwai na jeka-na-yi-ka.

Wajen furuci, a lura cewa "and" ba ya fita cikakke a irin waɗannan maganganu. Yakan shanye ya koma "n" kawai, ƙarfin murya kuma ya faɗa kan kalmomin biyu da ke gefensa, abin da ya sa har a rubuce ake ganin "rock 'n' roll". Mai sauraron BBC da bai san haka ba zai ji "upsn downs" ya ɗauka sabuwar kalma ce.

Daga ƙarshe sai a auna wurin da za a yi amfani da kowace. "Pros and cons" da "terms and conditions" suna shiga rahoton ofis da takardar neman aiki ba tare da matsala ba. "Bits and bobs" da "dribs and drabs" na hira ne tsakanin abokai, kuma ta farkon an fi jin ta a Ingila. "Whys and wherefores" tana da ƙamshin tsohon Turanci, saboda haka a muƙalar jarrabawa ya fi kyau ɗalibi ya rubuta "reasons" kai tsaye, ya ajiye ta don sashen tambayoyin salon magana.