Babi na Bakwai: Hannun Jari, a Saya, a Riƙe ko a Sayar?

A babin da ya gabata mun koyi buɗe asusun banki da karanta saƙon shigar kuɗi a waya. Yau maganar hannun jari za mu yi. Malami ya karanta da ƙarfi sau ɗaya, sannan ɗalibai su karɓa layi-layi. Kowa ya fito da biro da littafinsa, domin akwai lissafi a gaba.

Mene ne hannun jari?

Babban kamfani yakan raba mallakarsa ƙanana-ƙanana ya sayar wa jama'a. Kowane kaso ɗaya shi ne hannun jari. In ka sayi hannu 100 na kamfanin siminti, kai ma kana cikin masu kamfanin, daidai gwargwadon kuɗinka. Dangote Cement da Dangote Sugar na Alhaji Aliko Ɗangote, BUA Cement da BUA Foods na Alhaji Abdussamad Rabi'u, MTN, bankin Jaiz, har da kamfanin fulawa na Northern Nigeria Flour Mills da ke nan Bompai, duk ana cinikin hannayen jarinsu a kasuwa ɗaya. An kafa wannan kasuwa a Legas a 1960, ta buɗe reshe a Kano a 1989, tun 2021 kuma ana kiranta NGX.

Ba a shiga kasuwar kai tsaye. Sai ta hannun dillali mai lasisin hukumar SEC, wadda ita ke sa ido a kan harkar. Dillalin zai nemi BVN da katin shaida da hoto, ya buɗe maka asusu a CSCS, inda ake ajiye lissafin hannayen jarin kowa da sunansa. Yanzu dillalai da yawa suna da manhaja a waya, ba sai ka je ofis ba.

Samu ta hanya biyu yake zuwa. Ta farko ita ce rabon riba: in kamfani ya ci riba a shekara, yakan raba wani abu ga masu hannun jari. Ta biyu ita ce tashin farashi. Babu wadda aka yi maka alkawarinta a cikinsu. Kamfani na iya ƙin raba ko sisi, farashi kuma na iya faɗuwa.

Mu yi lissafi tare. Wata mai sayar da atamfa a Kantin Kwari ta sayi hannu 500, kowane ɗaya naira 40. Ta biya naira 20,000, ban da la'ada. Shekara ta zagayo, kamfanin ya raba naira 3 a kan kowane hannu, nata ya kama naira 1,500. Gwamnati na cire harajin kashi 10 cikin 100 daga rabon riba, wato naira 150. Abin da zai shigo asusunta naira 1,350 ne. In farashin ya koma naira 46, jarinta ya zama naira 23,000. Amma wannan ƙarin naira 3,000 a takarda yake. Ba ya zama kuɗi sai ranar da ta sayar. Haka ma in ya sauka zuwa naira 34, asarar a takarda take har ranar da ta sayar.

Kada a manta da la'ada. Dillali na da tasa, hukumomin kasuwa na da nasu kason, a saye da kuma a sayarwa. In aka haɗa shiga da fita sukan ci wajen kashi 3 zuwa 4 cikin 100. Mai saye yau ya sayar jibi, ya sake saye mako mai zuwa, dillali yake yi wa aiki.

Kafin ka saya

Tambayar farko ba wane kamfani ba ce. Wane kuɗi ne za ka saka? Kuɗin hayar gida, kuɗin makarantar yara na zango mai zuwa, kwasar adashi da aka riga aka yi wa gurbi, kuɗin kayan ɗakin yarinyar da aka sa ranar aurenta, uwar kuɗin sana'arka, duk ba sa shiga nan. Kuɗin da za ka iya kau da kai daga gare shi shekara uku zuwa biyar, shi ne na hannun jari. Bashi kuwa ko kusa.

Dattawan ajinmu za su tuna abin da ya faru. A 2004 Babban Bankin Najeriya, ƙarƙashin Farfesa Charles Soludo, ya ce kowane banki ya tara jarin naira biliyan 25 kafin ƙarshen 2005. Bankuna 89 suka dunƙule suka koma 25, aka yi ta tallan hannun jari a rediyo da talabijin. Farashi ya yi ta hawa. Ma'aikata da 'yan fansho da 'yan kasuwa suka yi ruguguwar saye, wasu da bashin da bankunan da kansu suka ba su. A watan Maris na 2008 ma'aunin kasuwar, wato lambar da ke nuna hawa da saukar farashin hannayen jari gaba ɗaya, ya haura 66,000. Shekara ɗaya bayan nan ya dawo wajen 20,000. Wanda ya saya da kuɗinsa ya zauna da takardarsa yana jira. Wanda ya saya da bashi, jari ya narke, bashin kuma yana nan a wuyansa. Ma'aunin bai sake taka inda ya kai a 2008 ba sai a watan Agustan 2023, shekara 15 ke nan.

Saboda haka, ranar da ka ji kowa na maganar wani kamfani, a majalisa, a gidan biki, har a cikin adaidaita, ka yi hattara. Galibi farashin ya riga ya yi nisa. Ka tambayi abin da za a iya amsawa: me kamfanin yake sayarwa? Ya ci riba a shekarun nan uku? Yana rabawa? Bashi bai yi masa katutu ba? Duk kamfanin da ke kasuwar dole ne ya fitar da lissafinsa kowane wata uku. In karatun ya yi maka nauyi, ka sa wanda ka yarda da shi ya karanta maka, amma ba wanda zai ci la'ada in ka saya ba. Kuma a rarraba. Kuɗi duka a kamfani ɗaya, ko duka a bankuna, shi ya kwantar da mutane da yawa a 2008.

Karatu: Kawu da ɗan ƙanwarsa

Wani tela a Fagge ya sayi hannun jari a kan naira 50. Yanzu ya koma naira 30. Bayan sallar la'asar ɗan ƙanwarsa ya biyo ta shago, ya tarar da shi ya ɗaga ƙafa daga kan keke, tabarau a karan hanci, yana ƙura wa waya ido.

"Kawu, lafiya kuwa?"

"Ina fa lafiya, yaro. Abin nan kullum ƙasa yake yi. Amma na rantse ba zan sayar ba sai ya dawo hamsin ɗina."

"Allah ya huci zuciyarka, Kawu. Ai kasuwa ba ta san nawa ka saya ba. Hamsin ɗin nan a littafinka kaɗai take."

"To in yi yaya? In sayar in tabbatar da asara?"

"Ban ce ba tukuna. Bari in tambaye ka. A ce yau ba ka da ko hannu ɗaya, ga kuɗin a aljihunka. Za ka sayi kamfanin nan a naira 30?"

Kawu ya yi shiru, ya cire tabarau. "Sai na san abin da ya kayar da shi."

"Yauwa, Kawu. Wannan shi ne aikin da ke gabanmu."

Riƙewa da sayarwa

Tambayar yaron nan ita ce ginshiƙin darasinmu, kowa ya rubuta ta: da yau ba ni da shi, zan saya a wannan farashin? In amsar i ce, ka riƙe. In a'a ce, riƙon me kake yi?

Ruwa ba ya tsami banza, amma dalilan faɗuwar farashi ba iri ɗaya ba ne. Mai ajiyar wake a Dawanau ya san wannan. In farashi ya karye don sabon wake ya shigo kasuwa, rufe sito yake yi ya jira bazara. In kuwa ya buɗe buhu ya ga ƙwari sun shiga, ba ya jiran kowa, ranar yake fitar da shi a yadda aka taya.

Ga misali biyu na gaske. A watan Disamban 2021 MTN ya sayar wa jama'a hannun jari a kan naira 169. A watan Yunin 2023 gwamnati ta saki darajar naira, dala ta yi tsada, kamfanin kuma yana da biyan kuɗi masu yawa da ke ɗaure da dala. Ya yi asara a 2023, ya ƙara yin wadda ta fi ta a 2024, rabon riba ya tsaya, farashi ya sauko. Amma mutane ba su daina kira da sayen data ba. A 2025 ya koma cin riba, farashin ya haura naira 400. Wanda ya tsorata ya sayar a tsakiyar rikicin, wani ya ci guminsa.

Na biyu ya bambanta. A watan Agustan 2009 Malam Sanusi Lamiɗo Sanusi, yana gwamnan Babban Banki a lokacin, ya sauke shugabannin wasu bankuna bayan bincike ya nuna bashin da ba ya biyuwa ya cinye jarinsu. A 2011 aka karɓe lasisin Afribank da Spring Bank da Bank PHB. Masu ajiya ba su rasa kuɗinsu ba, domin an mayar da asusunsu sababbin bankuna. Masu hannun jari kuwa sun tashi a tutar babu. A nan haƙuri bai yi rana ba. Ka lura da wannan: in kamfani ya rushe, sai an sallami masu bin sa bashi kafin a waiwayi mai hannun jari, kuma sau da yawa ba a samun saura.

Akwai wasu dalilan sayarwa da ba ruwansu da lafiyar kamfani. Lokacin buƙatar da ka yi wa tanadi ya matso, misali kujerar Hajji ko ginin da ka fara. Gara ka fara fitar da kuɗin tun da sauran watanni, kada ranar biya ta riske ka kasuwa na ƙasa. Ko kuma kamfani ɗaya ya yi tashin da ya zama fiye da rabin duk abin da ka mallaka. Sai ka rage, ba sai ka sayar duka ba. Mutane kan manta cewa ana iya sayar da rabi.

Wani zai ce, to ai gara in bar kuɗina a banki in huta. Yana da gaskiya ta wani ɓangare, sai dai a Disamban 2024 hukumar ƙididdiga ta ƙasa ta ce hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin 100. Wato kayan da ka saya naira 100,000 a Disamban 2023 sun koma kusan naira 135,000 bayan shekara ɗaya. Kuɗin da ke kwance ma raguwa yake yi, ba a dai aiko maka da saƙo ne.

Asusun haɗaka da sukuk

Wanda ba shi da lokacin bin diddigin kamfanoni yana iya shiga asusun haɗaka. Mutane da yawa ne ke zuba kuɗi wuri ɗaya, ƙwararru su saya musu hannayen jari iri-iri, su riƙa cire ladansu duk shekara. Ka tambayi nawa ne ladan, kwana nawa ake ɗauka kafin kuɗi ya fito in ka nema, kuma ko akwai tara in ka fita da wuri. Shi ma yana hawa yana sauka.

A garinmu tambayar halal ce ke zuwa gaba da komai. Akwai kamfanonin giya da na caca da bankunan kuɗin ruwa a kasuwar. Akwai kuma asusun da ke tace irin waɗannan, kamar na Lotus Capital da ya fara a 2008, kasuwar ma tana da jerin kamfanonin da aka tantance bisa shari'a tun 2012. Sai sukuk na Gwamnatin Tarayya, wato takardar zuba jari da aka tsara bisa shari'a ba tare da kuɗin ruwa ba, wanda aka fara fitarwa a 2017 da naira biliyan 100 don aikin hanyoyi, ciki har da ta Kano zuwa Maiduguri. Ana shiga da naira 10,000, ana biyan kuɗin haya duk wata shida, a mayar da uwar kuɗi in wa'adi ya cika. Batun yadda ake fitar da zakkar hannun jari, a kai wa malamai da lissafin a hannu.

Abin da ba hannun jari ba ne

Duk wanda ya ce ka kawo dubu hamsin ka karɓi dubu ɗari bayan wata ɗaya, ko ya ce ka kawo mutum uku a ƙara maka, ba hannun jari yake sayarwa ba. MMM ya kulle kuɗin mutane a Disamban 2016, CBEX ya rufe a Afrilun 2025. A kasuwar gaskiya ba mai yi maka alkawarin riba. Takardar rajistar CAC, hukumar rajistar kamfanoni, ba lasisin karɓar kuɗin jama'a ba ce. Sunan kamfanin za ka nema a jerin da SEC ke wallafawa a shafinta na intanet.

Sannan a duba akwatunan gida. Akwai magidanta da yawa da suka rasu suka bar satifiket ɗin hannun jari a cikin tsofaffin takardu, rabon riba na ta taruwa ba wanda ya karɓa. Mai rai zai cika fom a bankinsa don a riƙa turo masa kai tsaye cikin asusu. Na mamaci kuwa sai magada sun samo takardar kotu ta kula da dukiyar gado, su kai wa kamfanin da ke riƙe da rajistar masu hannun jarin. Kai ma ka sanar da iyalinka sunan dillalinka da lambar CSCS ɗinka.

Aikin aji

1. Wani mai shago a kasuwar Singa ya sayi hannu 800 a kan naira 25. Nawa ya biya, ban da la'ada?
2. An raba naira 2 a kan kowane hannu. Nawa zai shigo asusunsa bayan an cire haraji?
3. Farashin ya koma naira 18. Ku rubuta tambayoyi uku da zai nemi amsarsu kafin ya yanke shawara.
4. Mutum biyu su tashi su maimaita hirar Kawu da ɗan ƙanwarsa, amma wannan karon farashin hawa ya yi daga naira 50 zuwa naira 90, Kawu kuma yana son ƙaro wasu da kuɗin hayar shago.
5. Aikin gida: ka rubuta kuɗin da za ka buƙata cikin wata 12 masu zuwa a shafi ɗaya, abin da ya rage a ɗaya shafin. Ba sai ka nuna wa kowa ba, amma ka zo da littafin ranar darasi na gaba.