Yadda Matashi Zai Sayi Motarsa ta Farko a Kano

Matashin da ya tara kuɗin mota yakan fara da tambayar wace iri ce ta fi kyau, alhali abin da ya kamata ya fara lissafawa shi ne ko zai iya ɗaukar nauyinta bayan ta shigo gida. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, mota mai babban inji ta zama wahala ga mai ƙaramin albashi. Saboda haka kada ka zuba dukkan abin da ka tara a ciniki. Ka ware aƙalla kashi ɗaya cikin biyar domin takardu, taya da gyaran farko, wanda kusan babu motar hannu da ba ta buƙatarsa.

Kafin ka nufi wajen masu sayar da motoci, ka fara shiga kasuwar Ƙofar Ruwa ka tambayi farashin kayan gyaran motar da ranka yake so, kamar giya, lagireto da fitila. Idan sai an yi maka odar kayanta daga Legas, ka haƙura da ita. Wannan ne ya sa nake fifita Toyota Corolla da ire-irenta ga mai farawa, domin kayanta a wadace suke kuma duk garejin da ka shiga za ka sami wanda ya san ciwonta.

Ranar duba mota ka tafi da makanikenka, wanda ka sani kuma kai za ka sallame shi. Dillali yana jiran la'adarsa ne, kuma ba ta fitowa sai ciniki ya faɗa, don haka makaniken da ya kawo maka ba zai ga aibi ba. Ka je da safe, ka dafa murfin injin ka tabbatar da sanyinsa kafin a tayar. Ni kaina na sayi motata ta farko bayan sallar Magariba, an riga an ɗumama injin, fentin yana sheƙi a ƙarƙashin fitila, sai da gari ya waye na ga farin hayaƙi yana tashi daga salansa, kuma kafin mako ya zagayo an sauke kan injin. Farin hayaƙi mai kauri alama ce ta ruwa yana shiga inji, shuɗi kuma yana nuna tana shan baƙin mai. Ka buɗe murfin baƙin man ka leƙa. Idan ka ga wani abu kamar shayi da madara, ka yi musu sallama. Ka ɗaga shimfiɗar ƙasa ka shinshina, domin motar da ambaliya ta taɓa cinyewa ba ta rabuwa da warin danshi da busasshen laka a lunguna, kuma wayoyinta ba za su daina ba ka matsala ba. A jikin taya akwai lambobi huɗu da ke nuna mako da shekarar da aka ƙera ta, misali 2319 na nufin mako na 23 a shekarar 2019.

Gwajin tuƙi iri biyu ake yi. Ka hau Titin Zariya ka ji yadda giya ke shiga da yadda birki ke kamawa, sannan ka kutsa cikin cunkoson Sabon Gari da na'urar sanyaya ciki a kunne, idonka a kan allurar zafi. Motar da ta yi zafi a nan ba za ta jure ranar watan Afrilu ba, lokacin da zafin Kano kan haura digiri 40.

Batun takardu ya fi komai haɗari. Lambar shasi haruffa da lambobi 17 ce, tana ƙasan gilashin gaba ta ɓangaren direba, kuma dole ta dace da wadda ke kan kowace takarda ba tare da bambancin harafi ɗaya ba. Gwamnatin tarayya ta hana shigo da motoci ta kan iyakokin ƙasa daga Janairun 2017, don haka idan aka ce maka 'yar Kwatano ce, ka kai takardar kwastam ofishinsu a tantance kafin ka biya ko sisi. Idan ta hannu ce, ka nemi ganin mai ita ido da ido, a rubuta takardar ciniki da shaidu biyu, ka kuma biya ta banki zuwa asusun da ke ɗauke da sunansa.

Daga nan sai a mayar da mallaka zuwa sunanka, ka yanki inshorar da doka ta wajabta, wadda ta koma naira 15,000 a shekara ga motar gida tun Janairun 2023, ka kuma tabbatar lasisin tuƙinka na gaske ne, domin jami'an KAROTA, hukumar kula da zirga-zirgar ababen hawa ta Kano, da na Hukumar Kiyaye Haɗura suna kan titi kullum. A makon farko ka sa a juye baƙin mai, a canza matatarsa, a kuma duba ruwan lagireto da na birki, ko da mai motar ya rantse jiya ya yi mata sabis.