Yadda za ka ajiye irin gado kada ya ɓace

Ajiyar irin gado, wato irin shukar da aka gada daga iyaye da kakanni, tun amfani yana tsaye ake fara ta. Ni kafin girbi nakan zaga gona in ɗaura ƙyalle a jikin duk karan da ya kwanta mini a rai: wanda ya nuna da wuri, iska ba ta kayar da shi ba, kuma babu burtuntuna a zangarniyarsa. Idan ka bari sai an sussuka, tsaba kawai za ka gani, ba ka san uwar da ta haife ta ba.

Kada girman zangarniya ya ruɗe ka ka tsaya kan biyar ko goma. Irin gado gauraye yake, a cikinsa akwai mai jure fari, akwai mai jure yawan ruwa, kuma wannan bambancin ne dukiyar. Ɗebo daga kara ɗari ko fiye. Gero da masara iska ce ke yi musu barbara, don haka ka tsinta a tsakiyar gona, nesa da iyakar maƙwabcin da ya shuka wani iri. Wake kuwa kansa yake yi wa barbara, bai cika gauraya ba.

Laima ce babbar abokiyar gaba. Bayan shanya, zuba tsaba kaɗan da busasshen gishiri a kwalba, ka girgiza. In gishirin ya manne a jikin kwalbar, a mayar shanya. In ya bushe sarai, sai jarka mai murfin da iska ba ta shiga, a ɗaki mai sanyi, da takarda ɗauke da sunan irin da shekarar girbi.

Kafin damina, jera tsaba 100 a jiƙaƙƙen tsumma, ka ƙirga bayan mako guda. In waɗanda suka tsiro sun gaza 85, shuka shi bana ka sabunta.

Kuma kada iri ya zauna a hannu ɗaya. ICARDA, cibiyar binciken noma a yankuna masu ƙarancin ruwa, ta ajiye kwafin irinta a rumbun adana iri na duniya da ke Svalbard a ƙasar Norway, wanda aka buɗe a 2008. Da yaƙin Siriya ya raba ta da rumbunta na Aleppo, Svalbard ta je ta ɗebo a 2015. Kai ma ba wa manomi biyu da ke nesa da kai kwano-kwano, da sharaɗin su shuka, su mayar maka bayan kaka. Rogo da doya dai ba sa zama a jarka, sai an ci gaba da dasa su kowace shekara.