Yadda ake haɗa leda mai ruɓewa da sitacin rogo

Ledar kasuwa daga man fetur ake yin ta, shi ya sa take shekara da shekaru a cikin kwata ba ta ruɓe ba. Ta sitacin rogo kuwa ƙasa mai danshi na cinye ta cikin 'yan makonni, kuma babu ƙasar da ta kai Najeriya noman rogo.

A fere rogon, a goge shi, a zuba ruwa a tace da ƙyalle. A bar ruwan ya kwana, sannan a tsiyaye na sama. Kada a bai wa dabbobi shi, domin na rogo mai ɗaci yana da guba. Farin da ya kwanta a ƙasa shi ne sitacin, shi za a shanya.

Ga ma'aunin: sitaci babban cokali 1, ruwa babban cokali 4, ruwan khal ƙaramin cokali 1, gilisarin (wani ruwa mai yauƙi da ke sa ledar laushi) ƙaramin cokali 1. A dama su tun da sanyi kamar ƙullun koko, in ba haka ba gudaji za su fito. A ɗora a wuta kaɗan ana juyawa ba tsayawa. Wajen digiri 60 zuwa 70 zai fara kauri, amma kada a sauke sai farin ya tafi, ya yi garau yana yauƙi. A shimfiɗa shi da zafinsa a kan gilashi, kaurin kamar milimita 2, a bar shi a inuwa kwana 2 zuwa 3.

Gilisarin ne ke yanke hukunci. In ya yi kaɗan ledar za ta karye kamar busasshen ganye, in ya yi yawa ta riƙa danƙo a hannu. Rana mai zafi da iskar hunturu suna busar da saman kafin cikin, sai ta tsage ko ta nannaɗe. Da damina kuwa fumfuna ce matsalar, don haka a sa fanka.

Wannan leda ba ta jure ruwa. Ta dace da sabulu, iri ko busasshen yaji, ban da kunu da zobo. Kada kuma a ɗauka duk abin da aka yi da tsiro haka yake ruɓewa: kofunan PLA, wata roba da ake yi da sitacin masara, ba sa ruɓewa da wuri sai a masana'antar takin da zafinta ke kai wa wajen digiri 58, a juji kuwa daɗewa suke yi.