Yadda ake lissafin tafiyar jirgi daga Jakarta zuwa Denpasar

Mutanenmu da ke zuwa sarin kaya kasuwar Tanah Abang da ke Jakarta, a ƙasar Indonesiya, in suka ce za su leƙa Bali kafin su dawo gida, wuri ɗaya suke tuntuɓe, wato wajen agogo.

Fara da nisan. Jakarta tana tsibirin Java, Denpasar tana tsibirin Bali, tsakanin filayen jirginsu kimanin kilomita 980 ne. Kar ka ɗauki abin da taswirar waya ta nuna maka na mota, waccan hanyar sai an tsallaka ruwa daga tashar Ketapang ta Java zuwa Gilimanuk ta Bali. Raba 980 da 800, gudun jirgi ke nan a awa, za ka samu kusan awa ɗaya da kwata. Ɗora rabin awa da 'yan mintuna na gangarawa titin tashi da hawa da saukowa. Shi ya sa kamfanoni ke rubuta kusan awa ɗaya da minti 50.

To ga inda ake faɗuwa. Agogon Bali yana gaban na Jakarta da awa ɗaya, tikiti kuma kowane gari da agogonsa yake rubutawa. Sai ka ga tashi 10:00, sauka 12:50, ka ɗauka awa uku za ka yi a sama. Cire awa ɗaya daga lokacin sauka kafin ka yi lissafi. A dawowa kuma ka ƙara ta, don za ka ga tashi 16:00, sauka 16:50, kamar daga Kano zuwa Abuja, alhali doguwar tafiyar nan ce dai.

Na ga wani abokin tafiyata ya kwana uku a Bali da agogon hannunsa a lokacin Jakarta, wai ba ya son taɓa shi. Ranar komawa yana zaune yana shan shayi, agogonsa na cewa biyu da rabi, bangon otel na cewa uku da rabi. Da muka isa Ngurah Rai, filin jirgin Bali, an rufe ƙofa, sabon tikiti ya saya. Ni dokata ita ce, tayar jirgi na taɓa ƙasa ka gyara agogo. In za ka kira gida, Jakarta ta riga Kano da awa 6, Bali da awa 7.

Duba haruffan filin jirgi ma. Na Jakarta biyu ne: CGK shi ne Soekarno-Hatta, can Tangerang a wajen gari, HLP kuma Halim ne, kuma cunkoson Jakarta ba ya yafe wa wanda ya je inda ba nan ba. Tikiti mai araha ka karanta kilon kayansa tukuna, kuɗin ƙarin kaya kan cinye rangwamen. Sannan ranar Nyepi, ranar shiru ta sabuwar shekarar mutanen Bali, wadda yawanci ke faɗowa a Maris, filin jirgin Bali a rufe yake awa 24, kar ka sa tafiyarka a ranar.